Gyaran Ƙaramar Lotsewar Jikin Mota A Gida: Abin Da Mai Mota Zai Iya, Da Inda Ya Kamata Ya Tsaya

Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, yawan ababen hawa a Birnin Kebbi sai ƙaruwa yake yi. A unguwanni irin su Nasarawa da Badariya da Tudun Wada, mota da babur ɗin kabu-kabu da keke mai ƙafa uku da kurar 'yan ga-ruwa da amalanke duk hanya ɗaya suke bi, don haka da wuya mota ta shekara ba ta sami wani tabo a jikinta ba. Wani lokaci hannun babur ne zai dungure ƙofa, wani lokaci ƙahon saniya ne a ranar kasuwa, ko reshen dogon-yaro da iskar farkon damina ta karyo, ko ƙanƙara, ko kuwa 'ya'yan giginya da suka faɗo a kan rufin motar da aka ajiye a inuwa. Wanda ya taɓa zuwa Argungu lokacin bikin kamun kifi, kamar wanda aka yi a watan Maris na 2020, ya san yadda ake cusa motoci a jere a kusa da Matan Fada, ƙofar wannan na bugun ta wancan.

A da, mutum kan wuce wurin fanel-bita ne kawai, a buga, a shafa fila, a fesa fenti, ya biya ya tafi. Amma tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, kuɗin fenti da sauran kayan gyara ya yi tashin da ya sa masu ƙaramin ƙarfi da dama suke barin lotsewar yadda take, wasu kuma su ɗauki guduma da kansu su ƙara ɓata wurin. Manufar wannan bayani ita ce a nuna wa jama'a cewa akwai irin lotsewar da mai mota zai iya fitarwa a ƙofar gidansa da kayan da ba su da tsada, akwai kuma wadda taɓa ta asara ce. Abin da ake ƙoƙarin cetowa a duk aikin nan shi ne fentin asali na kamfani, domin ƙarfe ana iya miƙar da shi sau da yawa, amma fentin kamfani in ya tafi ba ya dawowa.

Abin da ke faruwa ga ƙarfe idan ya lotse

Waɗanda suka tuƙa Peugeot 404 da 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga 1975, sun saba da jikin mota mai kaurin da ke jure guduma. Motocin yanzu ba haka suke ba. Fallen ƙarfen da ake yin ƙofa da madigadi da rufi da shi bai kai kaurin milimita ɗaya ba, galibi tsakanin 0.6 ne zuwa 0.8. Ƙarfinsa ba daga kauri yake ba, daga siffar da aka matsa masa a kamfani ne, wato ɗan doron nan da layukan da ake gani a jikin mota, waɗanda mutane da yawa ke ɗauka ado ne kawai.

Ƙarfe yana da hali biyu. Idan aka tanƙwara shi kaɗan aka saki, sai ya koma yadda yake, kamar yadda murfin gwangwanin madara ke yi idan an danna shi da yatsa. Idan kuwa aka wuce wani mizani, sai ya zauna a sabuwar siffar, kuma daidai wurin da ya tanƙwaru ya ƙara tauri fiye da kewayensa. A yawancin ƙananan lotsewa, halayen nan biyu suna tare a wuri ɗaya. Ɓangaren da ya tanƙwaru na dindindin ɗan kaɗan ne, wato inda abu ya buga da kuma wani siririn tudu da ke tasowa a gefen kwarmin, mai kama da gammo. Sauran faɗin kwarmin duk ƙarfe ne lafiyayye da gammon nan ya danne, ya hana shi komawa mazauninsa. Idan aka sassauta gammon, aka ɗan taimaka wa tsakiyar, sai a ga yawancin lotsewar ta fita da kanta, har wani lokaci da 'yar ƙara.

Wannan fahimta ba sabuwa ba ce. Tun cikin shekarun 1930 wani Ba'amurke mai suna Frank Sargent ya rubuta ɗan littafi a kan bugun jikin mota, inda ya nuna cewa ana warware lotsewa ne ta hanyar bin sawun yadda ta shiga da baya da baya: abin da ya tanƙwaru a ƙarshe shi ake fara saki, inda aka fara bugu kuma shi ake gamawa da shi. A kan wannan ƙa'ida aka gina sana'ar fitar da lotsewa ba tare da fenti ba, wadda ta bunƙasa a Turai da Amurka, musamman a yankunan da ƙanƙara ke lalata motoci. Kuskuren da aka fi yi a wajenmu shi ne akasin haka, wato a sa guduma a tsakiyar kwarmin daga ciki a buga da ƙarfi. Sakamakon shi ne tsakiyar ta fito ta yi tsini, fenti ya tsage a kan tsinin, gammon kuma yana nan inda yake.

Akwai hali na uku da ya kamata a sani. Idan abu mai tsini ya buga da ƙarfi, ƙarfen kan miƙe ya ƙara faɗi, ya kuma ƙara siranta. Irin wannan wuri in aka tura shi waje sai ya kumburo, in aka danna sai ya koma ciki, ba ya zama daidai, domin ƙarfen ya yi wa gurbinsa yawa. Wannan ba aikin gida ba ne.

A duba kafin a taɓa

A fara wanke wurin da ruwa da sabulu a shanya, domin ƙurar hunturu tana ɓoye tsagewar fenti, kuma idan aka goga ta a bushe tana kwarzane fentin kamar yashi. Sannan a duba da safe ko da yamma, lokacin da haske ke zuwa ta gefe. Rana tsaka ba ta nuna zurfin kwarmi.

Hanya mafi sauƙi ta ganin ainihin siffar lotsewa ita ce a sami farin kwali, a ja masa baƙaƙen layuka madaidaita a jere, masu faɗin yatsa, a jingine shi a gefen mota yadda hoton layukan zai fito a jikin fenti. Inda ƙarfe yake daidai, layukan za su tafi sambal. Inda ya shiga ciki, sai su buɗe su yi kamar ido. Inda ya yi tudu kuma, sai su matse da juna. Wannan kwali, da bai ci ko kwabo ba, ya fi duk sauran kayan aikin muhimmanci, domin wanda ba ya ganin abin da yake yi to lalube yake yi.

Lotsewar da ta dace da aikin gida ita ce mai laushin gefe, marar zurfi, wadda faɗinta bai wuce tafin hannu ba, ko kuma mai faɗi amma shimfiɗaɗɗiya kamar wadda jingina ko gwiwa ke yi, tana tsakiyar falle, kuma fentinta bai tsage ba. Wadda ta yi kaifi kamar an naɗe takarda, ko ta hau kan layin jikin mota, ko ta zo bakin ƙofa inda falle biyu suka haɗu, ko tana kan ginshiƙan da ke riƙe da rufi, duk a bar wa masu sana'a. Haka nan idan bayan bugun ƙofa ta daina rufuwa daidai, ko tazarar da ke tsakanin bonet da madigadi ta canza, ko sitiyari ya fara ja gefe, to al'amarin ya wuce na ado, ya shafi ƙashin motar da lafiyar waɗanda ke cikinta.

Akwai bincike guda da ya fi shafar mu a nan Kebbi. Yawancin motocin da ke hannun jama'a na hannu ne, waɗanda aka yi amfani da su a Turai ko Amurka, da yawansu kuma ta Kwatano suka shigo kafin Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a watan Janairun 2017. Da yawa daga cikinsu an taɓa buga su, an cike da fila, an sake fenti kafin su iso hannun mai su na yanzu. Fentin kamfani ana gasa shi ne a kan ƙarfe da zafi mai yawa, kuma duk da cewa kaurinsa bai fi na gashin kai da yawa ba, yana iya tanƙwaruwa tare da ƙarfen ba tare da ya fashe ba. Fentin da aka sake a gareji ba shi da wannan riƙo, fila kuwa ba ta tanƙwaruwa sam, fashewa take yi. Saboda haka a naɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle mai laushi a bi kewayen lotsewar da shi. Inda ya kama sosai, ƙarfe na kusa. Inda ya yi sako-sako ko ya ƙi kamawa, akwai fila a ƙasa, ko kuwa fallen na alminiyam ne, kamar yadda bonet ɗin wasu motoci yake. A kuma duba robar gilashi da ta bakin ƙofa, in an ga burbushin fenti a kansu to an sake fentin wurin. A kan irin wannan falle kada a yi amfani da gam, domin zai taso da fentin gaba ɗaya. Alminiyam kuma ba ya son komawa siffarsa kamar baƙin ƙarfe, yana buƙatar hannun da ya saba.

Idan akwai wani a cikin maganar

Idan wani ne ya buga motar, ko kuwa mai motar ne ya buga ta wani, kada a yi gaggawar gyara. A ɗauki hoton wurin da wayar hannu tun motocin suna inda suke, a rubuta lambar mota da lambar inshora. Tun daga watan Janairun 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa ta mayar da kuɗin inshorar kare haƙƙin wani na motar gida Naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya zuwa Naira miliyan 3. Mutane da yawa suna biyan kuɗin nan domin gudun tsarewa a hanya kawai, ba su san cewa an tanade shi ne domin irin wannan rana ba, sai a tsaya ana cacar baki a titi a kan abin da takarda za ta iya warwarewa. Wanda ya riga ya taɓa lotsewar kuwa ya shafe shaidarsa da hannunsa. Direbobin motocin gwamnati da na kamfanoni su ma wajibi ne su sanar da jami'in sufuri kafin komai, domin motar amana ce a hannunsu.

Kayan aiki

Ba a buƙatar abu mai yawa. Bindigar gam ta lantarki da sandunanta, irin wadda masu gyaran rediyo da masu kayan ado ke amfani da ita, ana samunta a shagunan kayan lantarki. Sifirit na shagon magani shi ke sakin gam daga fenti. Sai robar nan mai sanda da ake zuƙe toshewar magudanar ruwa da ita, mai shafaffen baki, sabuwa. Sai ƙaramar guduma, da ɗan guntun katako mai tauri kamar tsawon yatsa wanda aka fiƙe bakinsa ya yi mulmul aka naɗe da salatif, da safar hannu mai kauri, da tsumma mai tsabta. Akwai kwalin kayan jan lotsewa da ake shigowa da shi daga ƙasar Sin, mai ɗauke da faya-fayen roba masu girma dabam-dabam da wata 'yar gada mai zare, kuma yana aiki. Amma wanda bai samu ba, kafinta zai yanka masa guntayen sandar tsintsiyar bature ya shafe bakinsu, mai walda kuma zai haɗa masa gadar da guntun ƙarfe da ƙusa mai zare da noti, a liƙa roba a ƙafafunta domin kada su kwarzane fenti.

Bamba

Bambar motocin yanzu roba ce, kuma ita ce mafi sauƙin gyara. A tafasa ruwa cikin babbar tukunya, a riƙa zuba shi a hankali a kan lotsewar da kewayenta har robar ta yi laushi, sannan a sa hannu mai safa ta baya, ko kan katako da aka naɗe da tsumma, a tura daga gefe zuwa tsakiya. Da ta fito sai a riƙe ta a haka, wani ya kwara ruwan sanyi domin ta daskare a siffarta. Idan hannu ba ya isa, a kwance 'yan ƙusoshin robar da ke cikin madigadi. A kula da wayoyin fitila da na na'urorin da ke ƙara idan ana ja da baya, a kuma nisantar da yara daga tukunyar. Kada a kusanto da wutar risho ko ta gas, domin tana narkar da roba, tana ƙona fenti, ga kuma tururin fetur a kusa. In an leƙa aka ga ƙarfen da ke bayan bambar ya lanƙwashe, to a canza shi, domin shi ne ke karɓar bugu, robar sutura ce kawai.

Jan ƙarfe daga waje

Ga lotsewa mai faɗi marar zurfi a ƙofa ko a gefen baya, a fara gwada robar zuƙa. A jiƙa bakinta da jikin motar, a manna a hankali, a ja kai tsaye, ba da fizga ba. Idan sau uku ko huɗu ba ta motsa ba, to ba za ta motsa ba, sai a koma ga gam.

A nan ne yanayin garinmu ke shigowa cikin aikin. Gam ɗin nan yana kamawa da kyau ne idan jikin mota yana tsakanin digiri 20 zuwa 30 a ma'aunin zafi. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin iska kansa ke haura digiri 40 a Birnin Kebbi da Argungu, baƙar motar da ta yini a rana ba ta taɓuwa da hannu, kuma gam ba zai daskare a kanta ba, sai dai ya riƙa jan zare kamar alewa. Don haka a yi aikin bayan sallar Asuba, a inuwa, kafin rana ta ɗaga, ko kuma a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a kan wurin ya huce tukuna. A tsakiyar hunturu kuwa, watannin Disamba da Janairu, matsalar ta juya: da sassafe ƙarfe na da sanyi, gam na daskarewa kafin ya kama, fenti kuma ya fi saurin tsagewa. A lokacin sai a jira hantsi, ko a ɗumama wurin da na'urar busar da gashi daidai ɗumin da tafin hannu zai iya jurewa.

Ga yadda aikin yake. A goge wurin da sifirit domin cire maiƙo. A dubi hoton layukan kwali a gano gammon da ke gefen kwarmin, a ɗora bakin katakon nan mai salatif a kansa, a riƙa ƙwanƙwasawa da guduma a hankali ƙwarai, bugun da bai fi na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci ba, ana zagayawa. Ba a so a ga ƙarfe ya motsa a bugu ɗaya. Bayan haka a zaɓi faifai ko guntun sanda da bai kai faɗin kwarmin ba, a sa masa gam mai zafi sosai, a ɗora a wuri mafi zurfi ba tare da an danne har gam ɗin ya tsiyaye ba, domin ana so ɗan kaurin gam ya rage tsakanin faifan da fenti. A jira kamar minti biyar, har farce ya daina shiga gam ɗin. Sai a kafa gadar, ƙafafunta a kan lafiyayyen ƙarfe, a riƙa ɗaure notin rabin zagaye rabin zagaye, ana kallon layukan kwalin, ba faifan ba. Sau da yawa faifan zai ɓalle da ƙara, wannan ba laifi ba ne. A ɗiga sifirit a gefen gam ɗin da ya rage, zai ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Kada a kankare da wuƙa ko reza, kada kuma a wanke da fetur ko sinadarin tsarma fenti.

Ba a gama lotsewa a ja ɗaya. Ana iya maimaitawa sau biyar, ko goma, ana rage girman faifai yayin da kwarmin ke tsukewa, ana komawa kan gammon tsakanin ja da ja. Idan wuri ya wuce ya yi tudu, sai a mayar da shi da katakon nan, a hankali. A ganina mai koyo ya fi kyau ya tsaya da zarar lotsewar ta daina ɗaukar ido daga nisan taku uku, ko da kwali na nuna saura kaɗan. Ɗan abin da ya rage shi ne mafi wuya, kuma wajen neman sa ne ake miƙar da ƙarfe ko a fasa fenti. Yana da kyau kuma a fara gwaji a kan tsohuwar ƙofa ko bonet daga wurin masu gwangwan, a lotsa da gangan a fitar, kafin a taɓa motar da ake hawa.

Turawa daga ciki

Inda hannu ke iya kaiwa bayan falle, turawa ta fi ja kyau, domin ba ta taɓa fenti. Ana isa bayan madigadin gaba ta hanyar kwance robar da ke saman taya, gefen baya ta cikin but bayan an ɗage shimfiɗarsa, murfin but kuma ta ramukan da ke cikinsa. Ana amfani da sandar ƙarfe mai lanƙwasasshen baki da aka mulmula aka naɗe da salatif, ko ƙotar guduma. Ba bugu ake yi ba, dannawa ce ƙanana-ƙanana masu yawa, kusa da juna, ana farawa daga gefe ana matsowa tsakiya. Kafin a danna da ƙarfi sai an ga inda bakin sandar yake, ta hanyar goga shi a hankali ana kallon inda layin kwali ke rawa. Ga lotsewa mai faɗi, wasu kan sa ƙwallon ƙafa da aka sace wa iska a bayan fallen, su riƙa hura ta da famfon keke kaɗan-kaɗan har ƙarfen ya fito. Dabara ce mai kyau muddin akwai abu mai ƙarfi da ƙwallon za ta jingina da shi, aka kuma tsaya da zarar wurin ya fito.

Ƙofa tana buƙatar kulawa ta musamman. A cikinta akwai gilashi da injin ɗaga shi, da wayoyi, da wani ƙarfe da aka gitta domin kare fasinja idan an bugi mota ta gefe, a motoci da yawa kuma akwai na'urar da ke tayar da jakar iskar kariya. Haka ma gefen rufi, inda jakunkunan iska ke naɗe a ƙarƙashin silin. Kafin a buɗe ɗayan wuraren nan a kashe mota, a cire waya marar wuta daga batir, a jira wasu mintoci. Kada a jingina sanda da gilashi, domin gilashin ƙofa ba tsagewa yake yi ba, tarwatsewa yake yi gaba ɗaya. Kada a huda rami a jikin mota domin neman hanya, ruwan damina zai bi ta nan. Idan kuma sai an cire taya, kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, bulon siminti ma ba abin dogara ba ne domin yana rugujewa ba tare da gargaɗi ba, a sa gungumen katako mai kauri.

Wasu bidiyoyi da ke yawo a wayoyi suna nuna ana kwara ruwan zafi a kan ƙofar ƙarfe, ko a gasa ta sannan a fesa mata abu mai sanyi, sai lotsewa ta fita nan take. Wannan kan faru ne kawai ga lotsewar da dama tura ta da tafin hannu zai fitar. Ruwan zafi yana tausasa roba, amma ba ya yi wa ƙarfe komai.

Idan fenti ya riga ya tsage

Da zarar an ga farin ƙarfe ko an ji farce na maƙalewa a tsaga, to agogon tsatsa ya fara bugawa, musamman daga Yuni zuwa Satumba, da kuma ga motocin da ke shiga fadamun shinkafa na kwarin Rima, inda laka ke kwana a cikin madigadi. Ko ba za a yi gyara yanzu ba, a wanke, a shanya, a rufe tsagar da ɗan fenti, in babu ko da man farce marar launi ne, kafin a sami hali. Lambar launin mota tana rubuce a jikinta. A motocin Toyota, alal misali, tana kan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, bayan haruffan C/TR, inda 040 ke nufin fari, 202 baƙi, 1F7 kuma ruwan azurfa. Kai wa mai haɗa fenti wannan lamba ya fi a ce masa ya duba da ido.

Wanda lotsewarsa ta fi ƙarfin gida, sanin abubuwan da aka bayyana a sama zai amfane shi a gaban fanel-bita. Akwai ƙwararru a garejojin Birnin Kebbi da Argungu da Jega waɗanda hannunsu ya iya fitar da lotsewa ba tare da sun taɓa fenti ba, sai dai ba kasafai ake neman hakan daga gare su ba, domin mai mota da kansa ke cewa a yi sauri. A tambaye shi tun farko ko zai iya turowa daga ciki. Idan dole sai an yi fenti, a nemi ya miƙar da ƙarfen sosai tukuna, yadda filar da za a shafa ba za ta wuce kaurin milimita 3 ba, domin mai kauri tana tsagewa da zafin rana da girgizar hanya. A roƙe shi ya rage amfani da wutar gas, saboda tana ƙone rufin da ke kare bayan falle daga tsatsa, tana kuma raunana irin ƙarfen da ake yin ginshiƙan motocin yanzu da shi. Inda aka yi amfani da wuta ko walda, a tabbatar an shafa maganin tsatsa ta ciki kafin a mayar da shimfiɗa. Sannan a yi ciniki a kan fallen da ya lalace kaɗai, a kuma je a ga aikin da ido bayan an gama bugu, kafin a shafa fila.